Ranar da Abu Wa'il Ya Kai Mu Gandun Daji Uku

Mijin yayata, Nazih, wanda duk unguwar Mazra'a ke kira Abu Wa'il, mutum ne da Allah ya hore wa tumbi da murya, ya kuma ɗauke masa nauyin jin kunya. Takalma yake sayarwa a wani ɗan shago da ke jikin shagon askina, amma in ka ji shi a gidan kofi da yamma sai ka rantse shi ya jera tsaunukan Labanan da hannunsa. Babu dutsen da bai hau ba, babu kwarin da bai kwana a ciki ba, wai tun yana soja. Ni kuwa na san sojan nasa, domin yayata Salwa ce ke kai masa wankakkun kaya a lokacin. A ɗakin girkin wani bariki na bakin teku ya yi aikinsa daga farko har ƙarshe, yana feraye dankali. Tudu mafi tsawo da ya taɓa hawa shi ne na buhunan albasa.

A shekarar da nake ba ku labari sai ya ce zai tsaya takarar mukhtar, wato mai unguwa. Abokiyar karawarsa Sitt Wadad ce, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, mace marar yawan magana, wadda har gobe rabin matan unguwarmu sai sun gyara tsayuwa in ta zo wucewa.

Ana gab da zaɓe lokacin fitar unguwa ya zo. Kowace shekara in ƙanƙara ta narke a kan tsaunuka mukan haɗu mu ɗauki mota mu fita shan iska, kuma kowace shekara sai an yi faɗa kan inda za a je. A wannan karon aka jera kujeru a ƙofar shagona, aka kawo kofi, aka fara.

Hajiya Umm Ramiz, wadda ta fi kowa tsufa a layinmu, ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Gandun dajin Shuf za mu. Can aka haifi uwata. Ina so in ga itacen arzi da idona kafin ku kai ni makabarta. Na gaji da ganinsa a jikin tutar ƙasarmu."

Ustaz Ilyas, tsohon malamin tarihi, ya gyara tabarau. "Hajiya, Shuf ai kowa ya je. Kwarin Ƙadisha ya kamata mu gani, inda masu ibada suka fafe ɗakuna a jikin dutse."

"Kowa ya je, ni ban je ba. Ko ni ba kowa ba ce?"

Matasa kuwa suka ce su fadamar Ammiƙ suke so, lokacin wucewar tsuntsaye masu ƙaura ne, za su ɗauki hotuna. Nan fa aka kaure. Wannan na cewa arewa ta yi nisa, wancan na cewa fadama ai sauro ne, wata na tambayar ko akwai ban ɗaki. Sitt Wadad ta bari sai da muryoyi suka dushe, sannan ta ce, "A ɗaga hannu. Inda ya rinjaya mu je bana, sauran kuma baɗi."

Sai ga Abu Wa'il ya miƙe, kujerarsa ta faɗi ta baya.

"Kun gani ko? Wannan ita ce matsalar malaman makaranta. Komai sai a ce zaɓi ɗaya cikin uku, kamar jarrabawa. Jama'a, ƙasar nan duka nawa take? Ka yi atishawa a Bairut, a yi maka addu'a a Ba'albak! Ni Abu Wa'il zan kai ku duka ukun a yini guda. Karin kumallo a Shuf, abincin rana a Ammiƙ, kofin la'asar a Ƙadisha. Mota tawa, nama nawa, gawayi nawa."

Ustaz Ilyas ya ce, "Ya Abu Wa'il, Ƙadisha fa can ƙuryar arewa take. Kuma hanyar dutse ba a miƙe take tafiya ba."

"Ta cikin littafi ka sani, Ustaz. Ni ta sojoji na sani."

Na ce, "Wadda ta bi ta bayan ɗakin girki?"

Aka kwashe da dariya. Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai Rafiƙ, tsaya a kan ƙeyar mutane, nan iliminka ya ƙare."

Amma kalmar nama ta riga ta shiga kunnuwa. Mutanen da ba su taɓa yarda da girman takalmin da ya gaya musu ba, sai ga su suna tafa masa. Wani ya tambayi Sitt Wadad ko za ta zo. Ta kurɓi kofinta ta ce, "Zan zo mana. Wannan ba abin da zan so a ba ni labari ba ne."

Ranar Lahadi da safe muka fito da kwandunanmu muna jiran babbar mota mai sanyi da ya yi alkawari. Abin da ya shawo kwana sai wata 'yar bas rawaya ta makarantar renon yara ta ɗan baffansa, an zana agwagi a goshinta. Daga wannan gefe zuwa wancan an lulluɓe ta da wani ƙaton ƙyalle mai hoton fuskar Abu Wa'il yana murmushi, ya rufe tagogi ruf.

Yaya Salwa ta riƙe haɓa. "Nazih, a cikin wannan za ka zuba dattawan unguwa?"

"Motar dutse ke nan, ke ba ki sani ba. Ƙarama, mai ƙwazo."

Muka shiga. Kujerun na yara ne 'yan shekara huɗu. Ustaz Ilyas, da yake dogo ne, gwiwoyinsa suka tokare masa kunnuwa. Hajiya Umm Ramiz sai da aka haɗa mata kujeru biyu. Ciki duhu kamar rumbu, ga warin madara da ta kwana.

Direban, wani dattijo mai suna Tanyus, ya tambayi inda aka nufa. Abu Wa'il ya lissafa masa. Tanyus ya kashe mota, ya zare makulli ya danƙa masa a hannu.

"Ina da iyali," in ji shi, ya kama hanyarsa.

"Ya huta!" Abu Wa'il ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Wanda ya tuƙa tankar yaƙi ne zai ji tsoron motar agwagi?"

Ya hau rufi da kansa ya ɗaure akwatin ƙanƙarar da ke cike da nama, ya ce kada kowa ya taɓa, ƙullin sojoji ne. Sannan ya cusa tumbinsa bayan sitiyari, motar ta yi tsalle kamar akuya, muka tashi.

Da muka bar bakin teku muka fara hawa, sai Hajiya ta soma ƙorafi daga baya. "Ni fa ban ga komai ba. An fito da ni kallon duniya an rufe ni da fuskar mai takalma. Rafiƙ, ɗana, kana da almakashi?"

Wanzami ba ya fita ba almakashi. Na zuge gilashi na huda mata taga a jikin ƙyallen. Sai kowa ya ce shi ma. Kafin mu kai garin farko na kan tudu, hoton ya zama rariya, kuma ashe tagar Hajiya ta faɗa daidai bakinsa. Duk ƙauyen da muka ratsa sai mutane su fito suna nuna mu suna riƙe ciki, ga ƙaton kan Abu Wa'il da tsohuwa tana leƙowa daga tsakanin haƙoransa.

Shi kuwa sai danna ƙaho yake yana ɗaga hannu. "Kun gani? Har nan an san ni. Sitt Wadad, kina gani?"

"Ina gani sarai," in ji ta. Tana zaune a gaba da jakarta a cinya, tana ɓarar 'ya'yan kabewa.

Muka iso wata mararraba. Ga allo nan ƙato da hoton itacen arzi da kibiya tana nuna dama. Abu Wa'il ya karya hagu.

Mota duka ta ɗauka, "Dama! Dama aka ce!"

"Allon nan don baƙi aka kafa shi, a zagaya da su su sayi zuma da tsada. Mu 'yan gida ta nan muke bi."

Wata yarinya cikin matasan ta ɗago wayarta, muryar da ke ciki ta ce a juya da zarar an samu wuri. Abu Wa'il ya waiwayo, mota na tafiya.

"Matar da ke cikin wayar nan, a wace bataliya ta yi aiki?"

"Dubi gabanka, don Allah!" in ji Yaya Salwa.

Ya dubi gaba, sai ga kwana kamar gwiwar hannu, ga rami a ƙasa wanda ba a ganin ƙarshensa. Ya murɗa sitiyari da ƙarfi, muka zube a kan juna, sai muka ji wani abu ya yi ƙuuu a kan rufi. Ta tagar da na huda na ga akwatin nama ya tashi sama, ya dira a gangare, ya buɗe. Tsire da niƙaƙƙen nama da fukafukan kaji suka watsu cikin ciyawa. Can ƙasa akwai garken awaki. Karnukan makiyayin ba su ma yi haushi ba, kai kawai suka sunkuyar suka fara aiki.

Ustaz Ilyas ya zaro kansa daga tsakanin gwiwoyinsa ya ce, "Ƙullin sojoji."

"Sadaka ce," in ji Abu Wa'il. "Da ma na yi niyya. Tafiyar da aka fara da sadaka ba ta ɓaci."

"Ai kuwa karnuka za su zaɓe ka," in ji Hajiya.

Kwalta ta ƙare, muka hau tsakuwa. Tsakuwa ta ƙare, muka hau abin da ruwan sama ya bari. Rana ta take, yunwa ta fara magana, yara biyu sun yi amai. Da ya ga fuskoki sun canza, sai ya taka burki a bakin wani ƙauye, kusa da wata gajeriyar katanga ta dutse. Bayan katangar akwai itace kore mai tsini, tsawonsa bai fi bene ɗaya ba.

"Ku sauko! Shuf ke nan. Ta ƙofar baya muka shigo."

Muka sauko muna miƙe ƙafafu. Ya tsallaka katanga, ya tsaya gindin itacen, ya dafa shi kamar tsohon aboki.

"Hajiya, zo ki gani. Wannan itace da kike kallo ya girmi Rumawa. Da 'yan uwansa aka yi rufin fadojin sarakunan da. A gindinsa muka kwana da bataliyarmu cikin ƙanƙara, ni da kwamandanmu, bargo ɗaya."

Hajiya ta ƙanƙance ido. "Shi kaɗai ne? Ina dajin?"

"Sauran suna ciki. Wannan ne babbansu, shi ke gadi."

Ya sa matasa suka hura gawayi, ko da yake abin gasawa bai wuce albasa da tumatir ba. Hayaƙi na tashi, yana tsaka da jawabin abin da zai yi wa unguwa in an zaɓe shi, sai wata ƙofa ta buɗe. Wata mace kakkaura ta fito da tsintsiya a hannu, hannayen rigarta a naɗe.

"Ku su wane ne? Wa ya ce ku hura wuta a lambuna?"

Abu Wa'il ya buɗe ƙirji. "Baiwar Allah, wannan itace na ƙasa ne baki ɗaya. Tarihi ne."

"Tarihin uwar wa? Itacen Kirsimeti ne da maƙwabtanmu suka ba mu a tukunya, mijina ya dasa shi shekarar da muka sayi firji! Ka tsaya mini a kan ganyen faskin da na shuka kuma. Ɗaga ƙafarka!"

"Ki san da wanda kike magana. Ni ne mukhtar ɗin Mazra'a mai jiran gado."

"Ni kuma mai gidan nan ce, na riga na hau!"

Tsintsiya ta sauka a kafaɗarsa, ta sake sauka a ƙeya. Ya tsallake katangar nan da saurin da ban taɓa zaton tumbin zai yarda ba. Muka kwashi albasarmu rabi ɗanya muka koma mota, matar na biye da mu tana kiran sunayen da ba zan maimaita ba.

Da muka ɗan yi nisa ya share gumi ya ce, "Mutanen dutse ke nan. Ba su san darajar abin da ke gabansu ba. To, Shuf ta fita. Saura biyu."

Hajiya ta ajiye sandarta. Ta juya fuskarta ga 'yar tagarta, na ga tana goge ido da bakin mayafi. Nan na daina dariya. Yaya Salwa ma ta gani, ta matsa kusa da mijinta ta yi ƙasa da murya.

"Nazih, ka tsaya ka tambayi hanya. Ba abin kunya ba ne."

"In tambaya? A gaban masu zaɓe? A gaban waccan?"

Waccan ɗin tana nan tana ɓarar 'ya'yan kabewa.

Muka hau, muka gangara, muka sake hawa. Motar ta fara tari, sannan farin hayaƙi ya turnuƙe daga goshinta, ta tsaya da kanta kusa da wani kududdufin siminti da manoman tuffa ke tara ruwa. Agwagwa guda na yawo a ciki.

Abu Wa'il ya leƙa, idonsa ya yi haske. "Alhamdu lillahi. Ammiƙ!"

Yarinyar mai waya ta ce, "Kawu, wannan ai tankin ban ruwa ne."

"Bakin fadamar ne. Daga nan ta fara."

"To ina tsuntsayen?"

"Ba ku kuka ce masu ƙaura ne ba? Sun ƙaura."

"Ga ɗaya can ta makara," in ji Ustaz Ilyas.

Abu Wa'il ya yi kamar bai ji ba, ya ɗebi ruwa a bokiti ya ɗaga murfin gaban mota. Na ce masa ya bari ta huce. Ya ce a soja da zafinta ake buɗewa. Ya naɗe hannu da tsumma ya murɗe murfin lagireto, tururi ya yi tsiri ya rufe masa fuska. Allah ya kiyaye bai ƙone ba, amma akwai wani sirri tsakaninsa da ni wanda tururi bai san da shi ba. Baƙin gashin bakin nan da yake murzawa a gidan kofi, daga kwalbar shagona yake fitowa. Da hayaƙi ya washe sai ga baƙi ya gangaro masa ta gefen baki biyu har haɓa, gashin bakin kuwa fari fat kamar na tsohuwar kyanwa.

Hajiya ta leƙo. "La ilaha! Tafiyar nan har ta tsofar da shi."

Abincin ranarmu a bakin tankin nan muka ci: gurasa, zaitun, da albasa mai ɗanɗanon hayaƙi. Mutane suka fara cewa a juya gida. Abu Wa'il ya hau kan dutse ya rantse da kabarin ubansa cewa Ƙadisha na bayan tudun can, wanda ya juya yanzu ya yi asarar mafi kyau. Ba don mun yarda muka koma motar ba, sai don babu wanda ya san inda muke.

La'asar na yi, gajimare ya sauko ya kwanta a kan hanya, ko hannunka ba ka gani sosai. Abu Wa'il na tuƙi da hanci a jikin gilashi, bakinsa bai huta ba.

"Kun ji sanyin nan? Sanyin arewa ke nan. Ku shaƙa, har ƙanshin turaren masu ibada ake ji. Ustaz, shirya littafinka."

"Ni ƙaurin taya nake ji," in ji Ustaz.

Gidaje suka fara bayyana cikin gajimaren. Hanya ta tsuke ta zama lungu tsakanin katangu biyu na dutse. Kowa ya ce ba za ta wuce ba.

"Da ido nake auna hanya. Na shigar da tanka inda ya fi wannan."

Ya taka mai. Madubin dama ya tafi, na hagu ya bi shi. Sai wata ƙara mai tsawo kamar ana yanka ƙarfe, motar ta tsaya cak. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Ƙofa kuwa ta manne da katanga, ko yatsa ba zai fita ba.

Mutanen ƙauye suka fara taruwa ta baya, dattawa da fararen huluna da baƙaƙen wanduna masu faɗi, irin shigar mutanen Shuf. Ustaz Ilyas ya dube su ta gilashin baya ya yi ajiyar zuciya.

"Ya Abu Wa'il, tun yaushe dattawan Shuf suka ƙaura arewa?"

Kafin ya amsa, wata murya da muka sani ta tsaga taron.

"Ku ne kuma? Ɗazu lambuna, yanzu katangar surukata?"

Matar tsintsiya ce. Yini guda muna zagaya dutse ɗaya, muka dawo ƙauyenta ta ɗaya gefen.

Maza suka kawo sukuddireba suka kwance gilashin baya. Ta nan aka riƙa zaro mu ɗaya bayan ɗaya kamar gurasa daga tanda. Ustaz ya fito a ninke. Hajiya sai da samari suka tallabe ta, tana tsine wa takalma da masu sayar da su. Sitt Wadad ta miƙa jakarta, ta fito ba tare da siket ɗinta ya ko yamutse ba. Matar tsintsiya na ganinta ta saki baki, ta ɓoye tsintsiyar a bayanta.

"Sitt Wadad? Ni ce Hiyam, 'yar ajinki, mai zama kusa da taga!"

"Na gane ki tun ɗazu, Hiyam. Har yanzu kina ihu kafin ki yi tambaya."

"Me ya haɗa ki da wannan mutumin?"

"Unguwa."

Abu Wa'il ya ce shi zai fita a ƙarshe, haka shugabanni ke yi. Ya turo kai, ya turo kafaɗu, ya turo ƙirji. Tumbi ya ce shi nan zai kwana. Aka ja, ya yi ƙara. Aka tura shi ya koma, ya ƙi komawa. Ga shi nan rabi a waje rabi a ciki, da baƙi a haɓa, ƙauye guda na kallo, har da waɗanda suka hau rufin gida da kofinsu.

Wani dattijo ya shafa gemu ya ce, "Sai an sa mai."

Aka kawo gwangwanin man zaitun, sabon matsa. Hiyam ta karɓa da kanta ta tuttula masa daga ƙugu, ba ta yi rowa ba. Shi kuwa ko a haka bai yi shiru ba.

"Jama'ar Mazra'a! Abin da kuke gani gwaji ne. Na so in ga wa zai jure. Shugaba na gari shi ne wanda…"

"Ku ja!" in ji Yaya Salwa.

Samari suka kama hannuwa suka ja gaba ɗaya. Ya fito fit kamar toshiyar kwalba, ya wuce su, ya faɗa cikin kwamin shan ruwan alfadarai. Wandonsa kuwa bai biyo shi ba, yana can rataye a tagar mota, ƙafafunsa na lilo. Ihun da aka yi, na tabbata an ji shi a ƙauyen gaba. Yayata ta yage abin da ya saura na ƙyallen hotonsa ta ɗaura masa a ƙugu, tana cewa, "Tashi, tashi, Allah ya isa tsakanina da wanda ya haɗa mu."

Mutanen ƙauyen, Allah ya saka musu, suka shigar da mu gidaje suka ba mu miyar wake mai zafi da cuku da shayi. Nan Sitt Wadad ta tambayi mijin Hiyam ko ƙofar gandun dajin na da nisa. Ya yi dariya ya nuna sama da gidansa. Ashe tana nan kan tudu, hawa kaɗan, sai dai an kusa rufewa. Ta ce ya taimaka ya ɗauki Hajiya a motarsa ta ɗaukar tuffa. Na bi su don in riƙe ta.

Mun tarar masu gadi na jan ƙofa. Sitt Wadad ta yi musu magana biyu, suka dakata. Gajimare ya ɗan yaye, sai ga su nan, manya-manya, baƙaƙe, rassansu a shimfiɗe kamar rumfuna, ɗaya bayan ɗaya har inda ido ya tsaya. Hajiya ta saki hannuna ta taka da sandarta zuwa na farko, ta dafa shi, ta daɗe a tsaye tana motsa baki. Da ta dawo ta ce, "Yanzu a kai ni gida. Amma ba a motar wancan ba."

A motocin haya da Sitt Wadad ta kira muka koma Bairut. 'Yar bas ɗin kuwa sai da aka rushe gefen katanga washegari kafin ta fita.

Zaɓe ba sai na faɗa muku ba. Abu Wa'il ya ce an yi masa maguɗi, ya kuma daina yi wa yayata magana na ɗan lokaci, domin da ya tambaye ta wa ta zaɓa sai ta ce abinci na ƙonewa, alhali ba ta ɗora komai ba.

Sai dai ɗan baffansa mai motar ya matsa masa lamba. Masu inshora sun ce ba za su gyara ba sai an kawo takardar shaida da hatimin mukhtar. Haka Abu Wa'il ya sa kwat ɗinsa ya je ya bi layi a sabon ofishin Sitt Wadad, ni kuma na rufe shago na raka shi, don irin wannan ba a barin ɗan uwa shi kaɗai. Ofishin cike yake da 'yan unguwa, yawancinsu waɗanda suka sha tafiyar.

Ta ɗauki alƙalami. "Wa ke tuƙi?"

"Ni."

"Me ya faru?"

"Katanga ce ta matso."

Ta rubuta ba ta ɗago ba. "A wane gari?"

Abu Wa'il ya gyara wuyan kwat ɗinsa. Ya dube ni, na dubi silin. Ya murza gashin baki.

"A kan dutse."

"Wane dutsen?"

"Can dai… tsakanin kudu da arewa."

Sitt Wadad ta ajiye alƙalami, ta cire tabarau, ta dube shi irin kallon da ta shekara talatin tana yi wa masu zuwa aji ba su yi aikin gida ba.

"Koma ƙarshen layi ka yi tunani," in ji ta. "In ka tuna, ka ɗaga hannu."